Sunana Ne a Bango, Labarin Ba Nawa Ba Ne

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na taɓa rantsuwa ba za su fita raina ba. Amma ranar da na buɗe kwalin littafina na farko a tsakar gidan gwaggota a Argungu, wannan kam da ita za a binne ni. Na yi furfura, jikokina sun fara ɗaukar littattafaina suna karantawa, amma har yau in na tuna da ranar sai in ji zuciyata ta tafasa kamar jiya abin ya faru. An sha ce mani in bar abin ya wuce. Na bar shi ya wuce, amma ban ce ya yi mani daɗi ba.

A lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ba a kai ga yanke mana tamu jihar ba. Ina koyarwa a wata makarantar firamare, ina da aure da 'ya'ya ƙanana. Shekarun ne littattafan soyayya suka fara shigo mana daga Kano. 'Yan tireda su kawo su ranar kasuwa, mu malamai mata mu saya, mu yi ta ba juna aro har bango ya yage. Ina son su ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai duk wanda na ɗauka, gidan bene ne, da mota, da saurayi mai fesa turare. Ban taɓa cin karo da wanda aka ambaci fadama ko gulbi a ciki ba, kai ka ce mu mutanen bakin ruwa ba mu san so ba, aure kawai muke yi mu haihu.

Ni kuwa na tashi da labarin so a gidanmu, na Gwaggo, yayar mahaifina. Ita ɗiyar manoman shinkafa ce. Wata shekara da ruwa ya ci fadama, wani saurayi masunci ya zo da kwalekwalensa ya yini yana kwashe wa mahaifinta dammunan shinkafa, ya ƙi karɓar ko tsaba. Daga nan suka shaƙu. Dangi sun yi ƙananan maganganu, wai manomi bai ba masunci ɗiya, amma kakana ya ce shi ya ga halin yaron a cikin ruwa, ya ishe shi. Aka yi aure. Bayan wasu shekaru ciwon ido ya kama mijin har ya makance. Maimakon ta koma gidansu kamar yadda aka ba ta shawara, sai Gwaggo ta ɗauki filafili, sandar tuƙa jirgin ruwa. Ita ke tuƙa kwalekwale, shi yana zaune a gaba yana jefa taru, yana gane inda kifi yake ta yadda ruwa ke bugun jirgi. Garin nan babu irin dariyar da ba a yi mata ba. A haka suka ci, suka sha, suka aurar da 'ya'yansu, har Allah ya karɓi ransa.

Wannan labarin na ce sai na rubuta.

Ban san yadda ake rubuta littafi ba, babu kuma wanda zan tambaya. Littattafan rubutu irin na 'yan makaranta na saya, in na dawo aiki na sauke tukunya, sai in zauna bayan la'asar in rubuta abin da ya samu, wani lokaci da yaro a cinya yana jan biro. Ranar da babu makaranta sai in tafi gidan Gwaggo. Sana'arta a lokacin gumi ce, wato ta dafa shinkafa da ɓawonta, ta shanya, a casa, ta sayar. Kullum gidan cike yake da matan unguwa masu taya ta aiki. Ina zama a kan turmin da aka kife, su suna sheƙe shinkafa, ni ina karanta musu abin da na rubuta.

Waɗannan matan su suka koya mani rubutu, ko da yake yawancinsu ba su san harafi ɗaya na boko ba. In babi ya yi daɗi, sai in ga faifai ya tsaya a hannu. In bai yi ba, sai hira ta ɓarke a gefe, in tsinci kaina ina karanta wa kaji. Da haka na gane inda labari ke tafiya da inda yake barci. Akwai ranar da na sa masuncin ya ce wa yarinyar ita ce hasken zuciyarsa, kamar yadda na saba gani a littattafai. Gwaggo ta yi dariya har da tari.

Ta ce, "Ɗiyata, wa yac ce maki haka yac ce? Shi da ko sunana bai iya kira ba sai da munka yi wata muna gaisawa."

Na ce, "To Gwaggo, mi yac ce?"

Ta ce, "Cewa yay yi, ruwa ya yi yawa yau, shigo in ƙetare da ke. Shi ke nan. Ni kuwa na san abin da shika nuhi."

Na koma gida na yage babin gaba ɗaya. Tun daga ranar na yanke shawara: bayanin labari zan yi shi da Hausar da nake koyarwa a aji, amma in mutanena za su yi magana, da bakinsu za su yi ta, da Kabancinsu, Hausarmu ta nan, yadda nake jin su kullum. Fiye da shekara ina wannan aiki. Na yage, na sake, na kwafe da kyakkyawan rubutu. A shafin farko na rubuta cewa na sadaukar da littafin ga gwaggota, wadda wannan labarin rayuwarta ne.

Sai maganar bugawa. Duk wanda na tambaya sai ya ce Kano, can maɗaba'u suke, can kuma masu rarraba littattafai suke. Ni kuwa ina da tsohon ciki, ga aiki, ban taɓa zuwa Kano ba. A nan ne ɗan wan mahaifina ya shigo cikin lamarin. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Ya yi karatu a Kano, yana aiki a wani ofis a Birnin Kebbi, yana zaune a unguwar Nassarawa ta can. Tun da ya dawo daga karatu ya ajiye harshenmu, sai Kananci, in ya zo gida yara su yi ta kwaikwayonsa a ɓoye. Amma mutum ne mai faram-faram, kuma ya san mutane. Da ya ji labari shi da kansa ya zo har gidana.

Ya ce, "Ƙanwata, ai wannan abin alfahari ne gare mu duka. Kawo shi. Ina da aboki mai maɗaba'a, ba sai kin wahala ba."

Na kwashi adashina na haɗa masa da rubutun, kwafi ɗaya tilo mai kyau da nake da shi. Tsofaffin da na yi ta gogewa tuni yara sun yaga, wasu an hura wuta da su. Na ce, "Yaya, don Allah a buga shi yadda yake." Ya ce in kwantar da hankalina. Ɗan uwana ne, jinina ne. Ko a mafarki ban kawo komai ba.

Na haihu, na yi wanka, na koma aiki, littafi shiru. Duk sanda na aika sai ya ce ana kai. Har wata ranar Juma'a da hantsi, ana hutun makaranta, wani direba ya sauke mani kwali a ƙofar gida, ya ce saƙo ne daga Birnin Kebbi. Farin ciki ya hana ni buɗe shi ni kaɗai. Na ce matan da suka yi ta saurarena su ya kamata su fara gani. Na sa aka ɗaukar mani kwalin zuwa gidan Gwaggo, na aika aka kira su. Suka cika tsakar gida, wasu da ƙullu a hannu. Gwaggo ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gaba, ta canza mayafi kamar mai shirin karɓar baƙi.

Na yanke igiya na ciro ɗaya. Abin da na fara gani sunana ne, da manyan baƙaƙe, sai na ji ƙwalla ta cika mani ido. Sai kuma na lura da hoton bangon: wata yarinya ce da jan baki tana jingine da mota. Sunan littafin ma ba wanda na sa ba ne. Na ce a raina ƙila haka masu bugawa ke yi don jan ido. Na miƙa wa Gwaggo ɗaya, ta riƙe shi da hannu biyu tana shafawa. Na buɗe nawa, na karanta sadaukarwa da ƙarfi. Tana nan yadda na rubuta, ba a taɓa ko wasali ba. Mata suka yi guɗa.

Na juya shafi na fara karatu, kuma sai da na kai ƙarshen layin farko kafin kunnena ya ji abin da bakina ke faɗa. Labarin ya fara ne a wata unguwar masu kuɗi a birnin Kano.

Na tsaya. Na buɗa gaba, na buɗa tsakiya, na buɗa ƙarshe. Babu gulbi. Babu fadama, babu kwalekwale. Masuncina ya zama ɗan wani attajiri mai Marsandi. Makantar da ta same shi ta zama ɗan hatsarin mota da aka kai shi ƙasar waje aka gyara. Yarinyar da na rubuta, wadda ta ɗauki filafili gari na yi mata dariya, an mai da ita wata mai kuka a kowane shafi. Nan da can ina ganin jimlolina, nawa na kaina, an ɗebe su an dasa a bakin mutanen da ban sani ba. Duk inda na rubuta "yat tahi" an mai da shi "ya tafi". Wannan ma da sauƙi. A tsakiyar littafin akwai wani babi da ban san daga inda ya fito ba, inda yarinyar ta haura katangar gidansu ta bi saurayi wajen casu. A ƙarshe kuma ta durƙusa gabansa tana roƙon ya yafe mata taurin kanta, shi kuma ya yi mata kyautar mota.

Duk wannan a ƙarƙashin shafin da ya ce labarin rayuwar gwaggota ne.

Wata daga cikin matan ta ce, "Malama, ci gaba mana, ba mu kai ga ruwan ba."

Na rufe littafin. Gwaggo ta dube ni, ta san fuskata tun ina zanen goyo. Ta ce, "Mi na na?" Na ce an yi kuskure ne a maɗaba'a, a ba ni lokaci. Na mayar da littattafan cikin kwali. Wanda ke hannunta ne kawai ta ƙi saki.

Washegari da sassafe na goya jaririyata na shiga mota zuwa Birnin Kebbi. Hanyar nan duk ban ga komai ba, maganganun da zan faɗa masa kawai nake jerawa. Na iske shi a gida yana karin kumallo, ya miƙe ƙafa, rediyo na yi. Da ya gan ni sai ya washe baki.

Ya ce, "Marubuciya da kanta. Kin ga aiki ko? Ai na san sai kin zo godiya."

Ban zauna ba. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, abin da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba. Na ajiye littafin a gabansa na ce, "Yaya, wa yar rubuta wanga?"

Ya ce, "Ke mana. Ni ɗan gyara kawai na yi."

Na ce, "Ina gulbin? Ina mijin Gwaggo?"

Ya ajiye kofi, ya gyara zama kamar zai yi wa yaro bayani. Ya ce shi da abokinsa sun karanta, sun ga labarin yana da ƙashi, amma ba zai sayu ba. Ya ce wa zai cire kuɗinsa ya sayi labarin makaho mai ƙarnin kifi? 'Yan mata masu sayen littafi mota suke so su gani. Ya ce ita kuma wannan Hausar tamu ta "mi kac ce, mi nic ce", in aka buga ta dariya za a yi mana a Kano, a ce ƙauyawa sun fara rubutu. Ya ce dare nawa ya hana idonsa barci yana sake rubuta mani, kyauta, don dai kada in kunyata.

Na ce, "Da wace Hausa Inna tay yi maka tawai kana jariri?"

Ya ce, "Wannan daban. Ke ba ki san kasuwa ba."

Na ce, "Na ji ban san kasuwa ba. To da kac canza komai, don mi kab bar sadaukarwa? Ka san duk Argungu gwaggo guda gare ni. Ka sa ta haura katanga ta tahi casu, kuma ka bar shaidata a sama cewa rayuwarta ta."

Sai ya yi dariya. Wannan dariyar ita ce abin da ya fi tsaya mani har yau. Ya ce, "Haba, ƙanwata. Tsohuwa da ba ta karatu, ina za ta sani? Kuma ai sadaukarwar ce ke ba shi armashi, mutane na son su ji an ce da gaske ne."

Ashe ba mantuwa ya yi ba. Ya gani, ya auna, ya bari.

Na ce ya ba ni rubutuna na asali. Ya ce ya bar shi can maɗaba'a, kuma ba ya jin sun ajiye, su da ke share takardu kullum. Na ce to a tsayar da sayarwa. Ya ce kwalin da aka kawo mani ɗan kason marubuciya ne kawai, sauran tuni an raba wa 'yan kasuwa, sun tafi Zariya, sun tafi Gusau, wasu ma suna hanyar Sakkwato. Matarsa ta fito tana ba ni haƙuri, tana cewa in zauna in sha ruwa ko don jaririya. Na gode mata na fita. A bakin titi na tsaya ina kuka irin na baƙin ciki, wanda ba ya fita da sauti, mutane na wucewa suna kallona.

Abin da ya ce ba zai faru ba, bai daɗe ba ya faru. Littafin ya iso kasuwar Argungu. 'Yan matan sakandare suka saya don sun ga sunan malamarsu. Suka karanta wa iyayensu mata. Wata rana a gidan suna wata tsohuwa ta dafa Gwaggo tana dariya, ta ce ashe ita ma ta taɓa zamani, har da hawan katanga. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana haƙuri da dariyar gari a kan abin da ta aikata don Allah da mijinta, yanzu da tsufanta an dawo ana yi mata dariya a kan abin da ba ta taɓa yi ba. Kuma da sunana aka yi.

Na kai ƙara wurin mahaifina, ina zaton zai kira Yaya ya tsawata masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yayanki na. Taimakonki yay yi niyya, ko da bai iya ba. Kada takarda ta raba muna zumunci. Ki yi haƙuri." Haka kowa ya ce. Mijina kaɗai ya ce an zalunce ni, shi ma a ɗaka ya faɗa. Wasu har cewa suka yi ai in gode, mata nawa ne a garin nan aka buga sunansu a littafi? Wato ni aka yi wa fashi, ni kuma ake jira in yi godiya. Na lura da wani abu a lokacin: da gonata ya sayar ba da sanina ba, da dangi sun taru. Amma da yake labari ne, kuma na mace, ba su ga abin da aka ɗauka ba.

Na daɗe ban taka gidan Gwaggo ba saboda kunya. Ita ta aiko a kira ni. Na same ta ita kaɗai, ashe ta riga ta sa wata jikarta ta karanta mata littafin tun daga farko har ƙarshe. Na durƙusa zan fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mani hannu.

Ta ce, "Na ji shi duka. Wagga yarinya ba ni ta ba. Ni ban taɓa durƙusa ma mutum don mota ba, ban ma san inda aka buɗe ta ba. Abin da yab ba ni haushi guda na. Sun ba shi ido. Mutumen ga ya yi shekaru bai ga huskata ba, kuma bai taɓa yi man tsawa ba. Shi na mijina. Wanda sunka rubuta, ban san shi ba."

Na ce, "Gwaggo, rubutun ya ɓace. Ba ni da komai."

Ta ce, "Ni na ɓace? Zauna. Ɗauko abin rubutunki."

Haka muka sake farawa. Da fushi na rubuta littafin nan karo na biyu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Fushin ne ke tashe ni in na gaji. Matan gumi suka dawo, kuma abin mamaki, sun riƙe wurare da yawa da ka fiye da ni. Wata ta ce na tsallake ranar da taru ya yage, wata ta tuna mani abin da uwar yarinyar ta faɗa a bakin gulbi. Gwaggo kuma ta buɗe mani abubuwan da ta ɓoye a karon farko: yadda ta taɓa kai kwalekwale tsakiyar ruwa ta ji kamar ta saki filafili ta huta, da yadda mijin ya gane daga numfashinta ya ce su koma gida, yau ba a kamun kifi. Na biyun ya fi na farko, wannan gaskiya ne. Amma kada wani ya ce mani ashe abin alheri ne ya zama. Ba don ya gyara ni ya yi ba.

Wannan karon ban ba kowa ba. Na samu wata mata Kirista, mutuniyar Filato, mai shagon buga takardu da tafireta a Birnin Kebbi, wajen Gwadangaji. Madam muke ce mata. Duk ranar da babu makaranta sai in shiga mota in je, in zauna kusa da ita tana bugawa ina bi da ido. Ranar farko ta tsaya a wani layi ta ce, "Malama, nan kin rubuta 'yat tahi'. Haka zan bar shi, ko kuskure ne?" Na ce haka za ta bar shi. Ta ce to, ta ci gaba. Tambayar nan tata, wadda ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, sai da ta sa na juya fuska na share ido. Abin da ɗan uwana ya kasa yi mani ke nan. Tambaya kawai.

Muna cikin babi na kusa da ƙarshe Gwaggo ta kwanta ciwo. Ba ta daɗe ba Allah ya yi mata rasuwa. Ta ji littafin duka daga rubutun hannuna, na gode wa Allah da wannan. Amma ba ta taɓa riƙe shi a buge ba. Yaya ya zo gaisuwa da babbar riga, ya zauna cikin maza yana ba da labarin yadda ya sa aka san gwaggonmu har Kano. Ina jin sa daga cikin gida, har na yunƙura zan fita in same shi. Wata ƙanwar mahaifiyata ce ta riƙe mani hannu, ta ce ba yau ba.

Bayan an yi arba'in mijina ya raka ni Sakkwato, muka samu wata ƙaramar maɗaba'a. Na ce wa mai ita ba za a buga shafi ko ɗaya ba sai na karanta gwajinsa na sa hannu. Ya ga kamar na cika fitina, ya ce marubuta maza ma ba su yi masa haka. Na ce ya yi haƙuri da ni, an taɓa cizona. Bangon ma ni na tsaya a kan mai zane har ya zana mace a bayan kwalekwale da filafili a hannu. Ya fito ba kyau sosai, takardar mai araha ce, tawada ta yi yawa a wasu shafuka. Amma kowace kalma a ciki tawa ce, ko ta matan da suka ba ni ita.

Zan so in ce nawa ya danne nasa a kasuwa, amma ba haka aka yi ba. Nasa ya fi sayuwa nesa ba kusa ba, har an sake buga shi ba tare da an tambaye ni ba. Nawa a hankali ya yi ta tafiya, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, zuwa garuruwan bakin gulbi, hannu zuwa hannu. Wata mata ta taɓa tare ni a asibiti ta ce ita ma mijinta ya makance, kuma tun da aka karanta mata littafin ta daina jin kunyar riƙe masa sanda a kasuwa. Na rubuta wasu littattafan bayansa, har Kano ta dawo tana neman in ba ta. Amma har yau nakan haɗu da wadda za ta rungume ni ta ce tun tana budurwa take son littafina, in na tambaya wanne, sai ta ambaci na mai Marsandi. Nakan ce mata ba ni na rubuta shi ba. Sai ta yi dariya, ta zaci tawali'u ne.

Ni da Yaya muna gaisawa, muna haɗuwa a biki da rasuwa. Ya tsufa, ni ma haka. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma na daina jira. A wurinsa har gobe shi ne ya fito da ni.

Abin da na koya, da shi nake fara yi wa duk yarinyar da ta kawo mani rubutunta magana. Ki ajiye kwafi. Ki bi abinki da ƙafarki har inda za a buga shi, ko da goyo a bayanki, ki karanta kowane shafi kafin ki yarda. A gyara maki kuskure, wannan taimako ne, ki karɓa da hannu biyu. Amma duk wanda ya ce sai an cire garinku, da harshen uwarki, da mutanenki kafin labarinki ya cancanci a karanta, ba gyara yake yi maki ba, share ki yake yi, ko da kuwa ɗan uwanki ne, ko da kuwa yana murmushi. Kuma in an yi maki haka, kada ki bari a lallashe ki har ki ce kin gode.